Ƙullutun Gwiwar Abdulbaƙi

Akwai wata baiwar Allah, Iya Safiyatu, daga wani ƙauye a bayan Garki. Autanta Abdulbaƙi yana tuƙa adaidaita a Dutse, yana haya a Yalwawa. To jikokina, wani ƙullutu ne ya fito masa a bayan gwiwa, mai tauri kamar dutse, ba ya zafi, ba ya motsi. Da labari ya kai ƙauye, Iya ta ɗauro ƙullin kayanta ta hau mota.

Gida ɗaya Abdulbaƙi yake haya da wata ma'aikaciyar gwamnati, Justina, ana ce mata Maman Beauty. Ita kuma yatsarta ce ta kumbura, rannan tana ɗaga bokiti kawai ƙashin ya tsage. Sai suka tafi asibiti tare, aka yi musu hoton ƙashi.

Likita ta ce dukansu ƙari ne na guringuntsi, kuma ba ciwon daji ba ne. Aka sa wa Justina ranar aikin tiyata. Abdulbaƙi kuwa aka ce ya je gida, ya riƙa zuwa ana dubawa.

Suka dawo gida, kan Iya ya ɗaure tamau.

"Auta, ba ciwo ɗaya ta ce ba?"

"Haka ta ce, Iya."

"To ina maganinka?"

"Ba ta ba ni ba."

"Ko ƙwaya? Ko allura? Nata ɗan mitsitsi za a yi wa aiki, naka mai kamar ƙwan kaza a ce ka tafi? Ko don ita da takalmi mai tsini ta zo?"

A ƙauyensu, in ciwonka ya yi kama da na wani, abin da aka yi masa shi ake yi maka, har ragowar maganinsa ake aiko maka. Don haka ta buga wa mijinta Malam Barau waya, ya yi magana da wanzamin garinsu. Aka tsayar da ranar Juma'a za a tsaga wurin a ciro abin.

Abdulbaƙi bai so ba, amma ba ya iya musu da uwa. Da ƙafar nan yake taka burki, da ita yake ci.

Justina ta ji komai, har maganar takalmin, don bangon gidan haya ba ya riƙe sirri. Da wata ce, da ta yi fushi. Ita sai ta shigo da safe da kunu a kofi.

"Iya, wallahi ni ma ban gane ba. Mu koma mu tambaya. In wariya ce, ni zan fara yi musu ihu."

Suka koma. Iya ko gama zama ba ta yi ba ta ce, "Likita, ni ban yi boko ba. Ciwo ɗaya, hukunci biyu?"

Likita ta jawo kujera kusa. "Mama, me kuke nomawa?"

"Gero da dawa da maiwa."

"Duk hatsi ne?"

"Hatsi ne mana."

"Rana ɗaya kuke girbe su?"

"Wa zai yi wannan haukan?"

"To shi ma ƙarin guringuntsi iri-iri ne. Na Maman Beauty a cikin ƙashi yake zaune, ya cinye shi ya bar ɓawo, shi ya sa ya tsage. Sai an kankare an cike gurbin. Na ɗanki a waje ya tsiro kamar reshe, da guringuntsi a kansa kamar hula. Irinsa yakan tsaya in mutum ya gama girma. Akwai ma wani iri da ke kwanciya a fatar ƙashi."

"Har uku? Ni biyun ma ba su zauna mini ba."

"In ya fara zafi ko ya ƙaru, ku zo da gudu, mu za mu cire. Amma kar kowa ya taɓa shi a gida." Ta kama yatsan Iya ta ɗora a bayan gwiwar yaron. "Me kika ji?"

"Abu yana bugawa."

"Babbar jijiyar jini ce, gab da ƙullutun take. In aska ta same ta, kafin ku iso Dutse daga ƙauye ko ƙafar ta tafi, ko mai ƙafar."

Iya ba ta ɗauke yatsan ba sai da Abdulbaƙi ya ce, "Iya, kina danna ni."

A bakin ƙofar asibiti ta miƙa wa Justina wayarta. "'Yar nan, nemo mini Malam, idona ba ya gani."

Da ya ɗauka ta ce, "Malam, a ce wa wanzami an fasa."

"An ba shi magani ke nan?"

"Ba a ba shi komai ba."

"To me aka ce yana damunsa?"

"Reshe ne mai hula. Kar ka tambaye ni, ni ma ban gama ganewa ba. Ranar aikin Maman Beauty dai ni zan yi jinyarta, sai ka ci gaba da cin tuwon maƙwabta."

Darasi: Kamannin ciwo ba ya sa magani ya zama ɗaya. In ba ka gane ba, koma ka sake tambaya, ba abin kunya ba ne, kuma kar ka yi saurin zargin wanda aka yi wa abin da ba a yi maka ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu rabon ragowar magani. Kun san kanku.