Koriyar Kibiya da Ƙofar Baya

An yi wani mutum a nan Birnin Gwari. Ba zan kama sunansa ba, don yana da dangi a cikinku. Yana aiki a wata cibiya da wata jami'a ta buɗe a bakin daji, inda ɗaliban noma da gandun daji suke zuwa koyon aiki. Aikinsa shi ne ya zagaya ya gano duk abin da zai iya cutar da mutum, ya kawar da shi tun bai yi ɓarna ba. Wayar lantarki da ta saɓule, maganin feshi da aka bari a buɗe, ramin da ba a rufe ba, duk a wuyansa suke. Makullan wurin ma a aljihunsa suke kwana.

Kuma ya iya aikin, musamman na baki. Duk lokacin da sababbin ɗalibai suka zo, sai ya tara su a ɗakin gwaje-gwaje ya ce: "Idan wuta ta tashi, kada wanda ya tsaya neman takalmi. Ku bi koriyar kibiyar nan ta jikin bango, za ta kai ku ƙofar baya." Shi da hannunsa ya zana kibiyar.

Sai aka shiga lokacin da aka hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga. Masu satar hanya su kai fetur daji suka shiga neman maɓoya ido rufe. Wani ya raɗa wa mutumin nan magana, ya kuwa ji daɗinta. Akwai sito a lungun da ya bi daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa ƙofar baya. Nan ya jibge jarkoki. Wa zai bincika? Ai mai binciken shi ne. An ba kura ajiyar nama.

Don kada wani ya riƙa bin lungun, sai ya ɗaure ƙofar baya da sarƙa, ya danna kwaɗo. Ya ce don tsaro ne. A kwanakin nan kuwa duk wanda ya ce "tsaro", magana ta ƙare.

Wata malama mai suna Raudatu, wadda ke koyar da gwajin ƙasar noma, ta same shi ta ce: "Malam, ɗakin nan warin fetur yake yi. Ɗalibai na kukan ciwon kai, ga shi muna kunna wuta a ciki."

Ya yi dariya ya ce: "Haba Malama, daga janareta ne. Kuma abin da Allah bai rubuta ba, ai ba ya faruwa."

Ya 'yan uwa, kun ji maganar gaskiya a bakin maƙaryaci. Yaushe ƙaddara ta zama zanen rufe ha'inci? Tukwanen kashe gobara da ke rataye a bango sun daɗe ba komai a cikinsu. Da aka ce masu dubawa na tafe daga jami'a, bai cika su ba, fenti ya sa aka shafa musu. Suka yi ja jawur, baƙin suka yaba suka koma.

Mutumin nan yana da 'ya, Jannatu, ita ce ta fari a gidansa da ta shiga jami'a. Aka turo ajinsu cibiyar. Ranar da ya yi jawabin kibiya, tana sahun gaba tana sauraro. Za ku ce bai tuna da jarkokin ba? Ya tuna. Ya ce mako mai zuwa zai kwashe su.

Wata rana da bazara, bayan azahar, zafi ya sa tururin mai ya cika lungun har ya shigo ɗakin. Wani ɗalibi ya ƙyasta ashana zai kunna murhun busar da ƙasa. Wuta ta kama. Na kusa da ƙofar gaba suka fice, Malama Raudatu tana jan wasu. Jannatu tana can baya, hayaƙi ya raba ta da su. Ba ta ruɗe ba. Ta tuna maganar ubanta, ta kama hannun ƙawayenta biyu, suka bi kibiya. Suna isa ƙofa, jarkokin suka fara fashewa a bayansu.

Uban ya rugo daga masallaci. Ya laluba aljihu, babu makullin. Da safe ya ba mai zuwa ɗaukar fetur ɗin, bai karɓo abinsa ba. Ya fizgo tukunyar kashe gobara ya matsa, alhali ya fi kowa sanin abin da ke cikinta. Ta bayan ƙofa aka ji murya tana cewa: "Baba, kibiyar muka bi. Buɗe mana."

Kafin a kawo gatari, muryar ta yi shiru.

An kore shi daga aiki, ya yi zaman gidan yari, ya fito. Wasunku sun san shi. Shi ne wanda ba ya iya zama a ɗakin da aka rufe ƙofa. Ko a masallaci ne, sai ya tashi ya buɗe ta, ya tsaya yana riƙe da ita.

Ya bayin Allah, wanda aka ba tsaron lafiyar mutane, rayuka aka damƙa masa, ba makullai ba. Ka ga haɗari ka kau da kai, cin amana ne. Ka nuna wa mutane mafita sannan ka toshe ta, wannan ya fi muni, don wanda ya fi yarda da kai shi zai fara halaka. Mai shago, direba, mai gadi, shugaban makaranta, kowa ya koma wurin aikinsa ya duba ƙofar da ya ɗaure. Ka ɗaure raƙuminka tukuna, sannan ka ce ka dogara ga Allah.

Allah ya jiƙan yaran nan uku. Allah ya kiyaye mu daga cin amana, kada ya sa hannunmu ya zama sanadin wanda ya amince da mu. Amin.