Ajiyar Giwa a Hannun Jemage

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Baba!

To ku matso. Wata rana Jemage yana zaune a gindin tsamiya, yana cika baki. Ya ce, "Ni a hannuna mangwaro ba ya ruɓewa. Na bara ma jiya na shanye shi, kamar yanzu aka tsinko."

Ashe Giwa tana wucewa, kuma kun san kunnenta ba ƙarami ba ne. Ta ce, "Alhamdu lillahi! 'Yata ta haihu yau, na kakkaɓo mangwaron da zan raba wa baƙi ranar suna. Ga shi, ka ajiye mini. Amma Jemage, in na iske ɗaya ya ruɓe, ka ga tafin ƙafar nan?"

Jemage ya dubi ƙafa. Ya ce, "Na gani, ranki ya daɗe."

Ta dire masa kwando ta tafi.

Maƙwabciyarsa Bushiya, tsohuwa ce mai sanin ajiya, ta leƙo ta katanga. Ta ce, "Ɗan nan, wannan kakkaɓo shi aka yi, ba tsinka ba. Ga ɗaya can ya bugu. Fitar da shi, ka baza sauran a inuwa."

Jemage ya ce, "Haba Iya! In yar da shi a bola gari ya gani? Ni da na ce ba ya ruɓe mini?"

Sai ya tura bugaggen can ƙasan randa, ya zuba sauran a kansa.

Kwana biyu, ƙasa ta yi gir, gir. Giwa ce. "Jemage, ina ajiyata?"

"Tana barci, ranki ya daɗe. Kada a tashe ta."

Da ta juya ya ɗaga faifan da ya rufe randar da shi. Wani ɗan tsami ya bugi hancinsa. Ya yi maza ya mayar da faifan.

Bushiya ta ce, "Ka bar shi ya sha iska. Zafi ne ke dafa shi."

Ya ce, "In bar shi a buɗe warin ya fita?" Ya kwaɓa laka ya liƙe bakin randa ruf.

Kwana huɗu, gir, gir. "Jemage, ina ajiyata?"

"Sai ƙara kyau take, ranki ya daɗe."

"Wannan gumin fa?"

"Na himma ne."

Da ta tafi ya fasa lakar. Wayyo! Rabi ya yi baƙi, ruwa yana tsiyaya. Ga Ƙuda ya iso da 'ya'yansa da surukansa.

Bushiya ta ce, "Ko yanzu ka tsame masu rai, ka je ka gaya mata gaskiya."

Ya ce, "Iya, kin ga ƙafar kuwa?"

To ina zai kai ruɓaɓɓen, yara? Bola akwai ido. Rami akwai kaji masu tono. Sai ya ce ai ciki ba ya tonuwa. Ya zauna ya yi ta sha yana yamutsa fuska, yana mayar da ƙwallayen cikin randa.

Kwana shida, gir, gir. "Jemage, gobe suna."

"Allah ya kai mu," in ji shi.

Gari ya waye. Mangwaro uku kaɗai suka rage masu kyan gani. Ya cika randa da ganye, ya jera ukun a sama, ya goge baki.

Giwa ta zo da 'yan suna a bayanta. Ta leƙa randa, ta ga uku jawur. Ta ce, "Kai, madalla! Ashe ba a banza kake faɗa ba."

Jemage ya fara buɗe fukafukai. "Ai na gaya muku, ni a hannuna..."

Sai ga Ƙuda ya sauka a bakin randa, ya durƙusa da ladabi. Ya ce, "Malam Jemage, mun zo godiya. Kwana uku muna walima a gidanka, ni da iyalina. Ruɓaɓɓe irin wannan ba mu taɓa sha ba. Sai dai yara sun ce ka riƙa rage mana, kai kaɗai ka shanye rabi."

Giwa ta zura hanci cikin randa, ta zaro ganye, ta zaro ƙwallo, ta sake zaro ƙwallo. Ta ɗaga ƙafa.

Fir! Jemage ya yi sama, ya maƙale a reshe, kai a ƙasa, yana duban inda ƙafar take. Har yau haka yake rataye, kuma ba ya fita sai rana ta faɗi, don kada su haɗu.

Wake ɗaya ke ɓata gari, yara. Wanda ya ji kunyar yar da mangwaro ɗaya, randa guda zai rasa.

Ƙurunƙus kan ɗan jemage! Ba don Ƙuda ya shaida ba, da kun ce ƙarya na yi.