Dila da Littafin da Ya Buɗe ta Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, na baya ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Wai Dila ne, a shekarar nan ya tara abinci. Ya kwashi gyaɗa a gonar wannan, ya zari dabino a rumfar wancan, ya ja kilishi daga kan shanya mai shi na waige. Duk ya ɗura a wata ƙatuwar tukunya, ya tura can ƙuryar raminsa. Abincinsa na rani ke nan gaba ɗaya. To, amma kun san Dila, abin da ke hannunsa bai taɓa isarsa ba.

Ran nan da hantsi yana ratsawa ta bayan wani gidan gona, sai ya ji hayaniya. Ya leƙa ta kafar danga. Ga dabbobin gida a gindin darbejiya, sun kewaye wani tsohon littafi mai hotuna. 'Ya'yan maigidan ne suka karanta shi har suka girma suka yar, dabbobi suka gada. Tsohuwar kaza, Gwaggo Tabawa, ta gama karanta wa 'yan tsaki da 'yan awaki ke nan, manya suka shiga faɗin ra'ayinsu.

Gwaggo Tabawa ta share ido da fiffike, ta ce, "Ni tun ina 'yar tsako kakata ke nuna mini shi. Har yau in na kai wurin da dilan nan ya tsaya da tukunyarsa, sai ƙwalla. Babu irinsa, wallahi babu."

Jaki, wanda ake kira Malam Duna, ya ce, "Labari ya yi. Amma mai zanen bai taɓa ganin jaki ba. Ku dubi kunnen da ya yi mini, kamar na ɓera."

Akuya, Iya Lanti, ta ce, "Ni dai shafukan tsakiya sun fi mini daɗi. Akwai ɗan gishiri-gishiri."

Gwaggo Tabawa ta ce, "Au, ashe ke ce kika cinye mana gefen!"

"Ɗanɗanawa na yi, Gwaggo, kowa da irin karatunsa."

Kare mai gadin gidan, Kawu Ɗanja, ya yi hamma ya ce, "Ƙarya ce aka shafa wa launi. Dila mai kirki? Ni na yi tsere da dila, na san dila."

'Yan tsaki suka ce, "Ƙi! Muna son shi! A sake!"

Ana cikin haka aka watsa tsaba a tsakar gida, kowa ya ruga, aka bar littafi a gindin bishiya. Dila ya zura hannu ya jawo shi.

To, kar ku ji ana ce wa Dila malamin daji ku ɗauka ya yi nisa. Ya dai shiga makarantar allo, tawada ba ta bushe ba ya gudu. Abu ɗaya ya fito da shi: littafi daga dama ake buɗe shi. Saboda haka ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta malamai, ya buɗe littafin boko daga dama.

Rubutun dai bai ce masa komai ba, sai hotuna. Ga wani dila ramamme, haƙarƙari a waje, tukunyarsa wayam, dabbobi sun kewaye shi suna murmushi. Ya buɗa gaba. Ga dila, ga jaki, ga kwando a tsakaninsu, tukunya ta ɗan samu. Ya buɗa gaba. Ga dila, ga akuya, ga ƙwarya a tsakaninsu, tukunya ta kai rabi. Ya buɗa, ya buɗa, tukunya na cika, dila na cika, har ya kai hoton da dila ya yi ɓul-ɓul, tukunya na ambaliya.

Dila ya lashe baki. Ya ce, "Ashe! Wato ka zo da tukunya wayam, ka yi murmushi, su cika maka. Kuma har kuka suke yi don daɗi! Ni kuwa ina ta wahalar tsallake danga."

Ya mayar da littafi, ya koma gida. Kashegari ya nemo tsohuwar tukunya, ya shafa toka a haƙarƙari, ya tsuke ciki, ya zo ƙofar gidan gona ya yi sallama.

"Salamu alaikum, masu gida. Ni ne."

Kawu Ɗanja ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi. "Kai ne wa?"

"Haba, Kawu! Na cikin littafi mana. Ni aka zaunar aka zana. Yini guda ina riƙe da murmushi, har muƙamuƙina ya yi tsami."

'Yan tsaki suka ɓarke da ihu, 'yan awaki suka hau tsalle. "Shi ne! Shi ne! Ga tukunyar!" Suka hau bayansa, wani ya ja kunne, wani ya tauna wutsiya, kamar dai yadda suke yi wa littafin. Dila ya daure, ya ajiye tukunya a tsakiya, ya buɗe bakinta, ya yi murmushi, yana jira.

Gwaggo Tabawa ta leƙa ciki, ta dafe ƙirji. "Wayyo, bawan Allah! Har ka rabar?"

"Na rabar da me, Gwaggo?"

Wani ɗan tsako ya ce, "Namu fa? Ina namu?"

Gwaggo Tabawa ta ce, "Ku yi haƙuri, yara, ƙila ya manta yadda abin ya faro, an daɗe. Bari in tuna masa." Ta jawo littafi, ta buɗe daga hagu.

Dila ya ce, "Gwaggo, kin juya shi."

"Wannan na boko ne, ɗan nan, ta hagu ake shiga."

Ta buɗe. Ga dila ɓul-ɓul, tukunya na ambaliya. Ta buɗa gaba, ya ba kaza. Ta buɗa gaba, ya ba akuya. Ta buɗa gaba, ya ba jaki. Tukunya na raguwa, dila na raguwa, har ya tsaya ramamme ba ko ƙwaya, kowa na sa masa albarka.

Dila ya ja da baya. Ya waiga ƙofa, ya ga Kawu Ɗanja ya riga ya zauna a bakinta.

Kawu ya ce, "To, ɗayan biyu ne. Ko kai ne na littafi, mu ga rabo. Ko kuwa kai dila ne kawai da ya shigo gidan kaji da rana tsaka. In na biyun ne, ni ma na san aikina."

Dila ya dubi haƙoran Kawu, ya tuna da tukunyarsa ta rani, ya sake duban haƙoran. Ya ce, "Kai, Kawu, ba ka san wasa ba? Gwada yaran nake yi. Kayan na gida."

"Mu je in taya ka ɗauka."

Haka Kawu ya raka shi har rami, numfashinsa na dukan wutsiyar Dila. Aka ɗauko tukunyar rani, aka dire gindin darbejiya. Gwaggo Tabawa ta riƙe littafi, ana buɗawa ana yi.

"Gyaɗa ta kaji ce. Zuba."

Dila ya zuba.

"A hoto da hannu biyu ya zuba."

Dila ya zuba da hannu biyu.

"Murmushin fa? A'a, rufe haƙoran, kana tsorata yara."

Dabino ya tafi wurin Iya Lanti da Malam Duna. Malam Duna na tauna yana cewa, "Ka gaya wa mai zanen nan maganar kunnena." Kilishi kuwa, da aka duba babu mai cinsa sai Kawu Ɗanja. Kawu ya kwanta ya sa shi a gaba, ya ci, ya ci, ya lumshe ido, ya ce, "Littafin nan fa, da na sake tunani, akwai abin dubawa a ciki."

Tukunya ta koma wayam. Dila ya tsaya a tsakiya, yanzu ba sai ya tsuke ciki ba. Gwaggo Tabawa ta fashe da kuka. "Kamar a hoto! Wallahi kamar a hoto!"

Sai yara suka haɗa baki. "A sake! A sake!"

Dila ya kusa faɗuwa. Amma yana jin haka, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya durƙusa gaban yara, ya karya murya, ya ce, "'Ya'yana, ni ma so nake a sake. To amma ku dubi shafin farko. Tukunya a cike take ko wayam?"

"A cike!"

"Ku dubi tawa."

Yara suka leƙa, suka dubi juna, suka waiga wurin iyayensu. Ɗan tsako ɗaya ya fara kuka, ɗan akuya ya karɓa, gida ya ɗauka. Kun san kukan yaro da aka hana shi labarin da ya saba. Aka rarrasa, aka yi tsawa, aka yi alkawari, ina! "A sake! A sake!"

Malam Duna ya ce, "Jama'a, kunnena zai tsage. Kowa ya kawo abin da ya fi so a cika masa tukunyar nan mu huta."

Suka ɗauke ta zuwa bayan rumbu, suka cika, suka rufe da faifai, suka kawo. Dila ya ɗaga, ya ji nauyi, zuciyarsa ta yi fari. Ya ce, "Saura abu ɗaya. A hoton farko daga bayan tudu nake fitowa. Sai in je can in taho, ku kuma ku yi kamar ba ku gan ni ba."

Gwaggo Tabawa ta duba, ta ce, "Gaskiyarsa, ga tudun nan."

Kawu Ɗanja, ciki ya yi nauyi, ido ɗaya kawai ya buɗe. "Ka yi sauri."

Dila ya yi sauri kuwa. Ya wuce tudu, ya wuce fadama, ya wuce raminsa ma don kada a biyo shi. Tukunya na danne masa wuya, yana haki yana dariya, yana cewa, "Malamin daji ke nan! Ko ta dama ko ta hagu, ni ne da riba." Sai da ƙafafunsa suka ƙi, sannan ya sauke a gindin wata tsamiya, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifai.

Harawa ce a sama, kyautar Malam Duna. Ya yaye. Ga tsumman takarda da guntayen kwali, Iya Lanti ta ba da mafi daɗin ajiyarta. Ya sake yayewa. Ga dusa. Ya tona dusar har ƙasa, ya tarar da abin da ya karya masa wuya: tsakuwa ce zaɓaɓɓiya, ƙanana masu santsi, irin wadda kaji ke haɗiya don abinci ya narke. Gwaggo Tabawa ba ta yi rowa ba, rabin tukunya ta zuba.

Dila ya zauna daɓas. Ga rani a gaba, ga ciki na kira. Ya ɗebi dusa ya kai baki, ya yi atishawa, ya sake ɗiba.

Ƙurunƙus kan dila, da tukunyarsa ta tsakuwa. Saboda haka, yara, in kun tsinci littafi ku leƙa shi ta gaba ku leƙa ta baya kafin ku ɗauki tukunya. In kuma abin ya fi ƙarfinku, ku ba akuya ta ɗanɗana muku.