Karen da Kaza Ta Kora

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a bayan duwatsun da rana ke faɗuwa, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda Allah ya ba shi dukiya da mayaƙa, amma ya hana shi kwanciyar rai. Wani aljani mai shigar mutane ya yi rantsuwa sai ya ɗauke 'yarsa tilo, Gimbiya Lantana. Masu duba suka ce ido ba ya gane shi sai na kare, don haka Sarki ya yanke cewa ko dai a samu karen da zai tsare ta, ko a kulle ta a soro marar taga.

Aka kawo manyan karnukan farauta, Gimbiya ta ƙi su. Ta ce ita ba ta yarda da kowa ba sai Durwa, wani ramammen kare da ta tsinta a bakin rafi. Sarki ya kira Barmo, saurayin da ya gaji sarautar maharba, ya umarce shi ya gwada karen, ya kawo gaskiya.

Barmo bai taɓa shan takaici irin na wannan aiki ba. Ya yafa fatar kura ya yi gurnani, Durwa ya shige ƙarƙashin rumbu. Ya ɗaura burtu a goshi ya taho a duƙe, Durwa ya saki fitsari. Yana cikin lallashinsa da ƙashi sai wata kaza mai 'ya'ya ta baje fukafukai, ta kori karen har cikin madafa.

"Ranki ya daɗe," in ji Barmo yana share gumi, "na horar da karnukan da suka tsayar da zaki. Wannan kuwa, da kazar kika ba ni, da mun yi nisa!"

Gimbiya ta ce, "Ka faɗa wa Sarki Durwa ya ci gwaji mana, Sarkin maharba. Ko kana so in tsufa ban ƙara ganin rana ba?"

Maganar ta soki Barmo, domin ya fara sabawa da dariyarta. Amma maharbi ba ya shaidar ƙarya a kan kare, tunda rai ake jingina masa.

Ya je fada, ya tarar da Gimbiya da Durwa da manyan karnukan a gaban Sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, karen nan ba zai taɓa cizon kowa ba. In aka matsa masa, haukacewa zai yi."

Bai rufe baki ba sai ga wani baƙon attajiri ya shigo da munduwar azurfa, wai kyauta ce ga Gimbiya. Ya jefa wa manyan karnuka kilishi, suka hau kaɗa wutsiya. Barmo ya waiwaya don ya ga inda Durwa zai ɓuya, sai ya ga abin mamaki: karen da ke gudun komai bai gudu ba. Yana kuka mai ban tausayi, ya ja ciki ya kwanta a kan ƙafafun Gimbiya, ya hana ta takawa.

Barmo ya daka tsawa, "Kada ki taɓa!" Ya kai wa munduwar sara da bakin mashi, ta fashe, baƙon ya zama baƙin hayaƙi, ƙasa ta zuƙe shi.

Sarki ya numfasa ya ce, "Ka yi gaskiya, ba ya cizo. To shi ya riƙa kuka, kai ka riƙa sara, in Lantana ta yarda."

Gimbiya ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Aka rushe soron, aka ɗaura auren Barmo da Gimbiya, gari ya ɗauki kiɗa. Ranar kai amarya kuwa sai da ango ya tuɓe babbar rigarsa, ya rarrafa ƙarƙashin rumbu yana ƙunƙuni, ya jawo Durwa, domin karen ya ji tambari ya gudu.