Furen Albasar Kwaɗi da Randar Ladingo

Dalilin da ya sa albasar kwaɗi ba ta fure sai ruwan shuka ya sauka, furen kuma kansa a sunkuye, ku matso ku ji. Ke mai tsinkarsa, ajiye, ba abin wasa ba ne.

A da can albasar nan ba ta fure. Kwaɗo ke nomanta, shi ne kuma mai shelar damina. Da rani sai ya shige ƙasa ya kwanta, ba ya kuka sai ruwa ya ratsa ya taɓa bayansa. Kowa ya ji kukan sai ya ɗauki sungumi ya nufi gona.

Shekarar da ta biyo bayan fari, akwai wata mata Ladingo, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da irin gero ƙwarya ɗaya tal. Yara na kukan yunwa, ta daure ta hana su ko ƙwaya. Ran nan da hantsi aka yi ɗan yayyafi, sai ga kukan kwaɗo daga tsakar gidanta.

Wan mijinta Cindo ya leƙo ya ce, "Ladingo, ƙasar nan ban yarda da ita ba. Tona ki gani tukuna."

Ta ce, "Haba Yaya, ni da kai wa ya fi kwaɗo sanin ruwa?"

Ta shuke irin kaf, gari ya bi sahunta. Rana ta buɗe kwana ashirin, tsiro ya leƙo ya ƙone ƙurmus.

Ladingo ta dawo a fusace, ta hau tona inda kukan ya fito. Ta kawar da randarta, sai ga kwaɗo kwance cikin laka, gindin randar a tsage yana ɗiga. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi! Randata? Randata ce ta cinye irin gari?"

Kwaɗo ya ce, "Wallahi Inna, na ɗauka damina ce. Daga yau na bar shela. Ga albasata, ki binne ta a dawa, zurfin kamu guda, nesa da kowace randa. In ruwan gaske ya kai gare ta, za ta ɗaga farin ƙyalle."

Ladingo ta binne ta tana hawaye. Bayan kwana tara ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye sai ga farin fure ya fito tsaye ƙyam, yana jiran masu shuka. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa sai Ladingo da yaranta, riƙe da ƙwarya wayam. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Shi ya sa har yau manomi na yarda da furen nan, ya bar kwaɗo da surutunsa. Furen kuwa, gaskiya yake faɗa kowace shekara, amma bai sake iya kallon idon manomi ba.