Zabuwa Mai "Yanzu Zan Dawo"

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Zabuwa ce ta saka ƙwai goma sha biyu, ta fara kwanci. Ita kuwa bakinta bai iya cewa a'a ba. Ko ɗumi ƙwan bai yi ba sai ga Agwagwa: "Ƙawata, zo ki taya ni tankaɗe."

Zabuwa ta dubi ƙwanta ta ce, "Yanzu zan dawo."

Tana dawowa, Tantabara ta ce ta raka ta barka. Gobe kitso, jibi cefane.

Maƙwabciyarta Kaza kuwa, duk wanda ya zo sai ta ce, "Kwanci nake, a bari sai la'asar."

Zabuwa ta ce, "Yaya Kaza, ba ki da zumunci. Amma tunda a zaune kike, ɗan riƙe mini nawa, yanzu zan dawo."

Sai da wata ya cika ta dawo, ta tarar da 'yan zabi na bin Kaza. Ta buɗe fukafukai ta ce, "Ku taho, 'ya'yana."

Autansu ya shige ƙarƙashin Kaza ya ce, "Inna, kin yi baƙuwa. Da alama aiko ta aka yi."

Shi ya sa har yau kaza ake ba ƙwan zabi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba, da kun ce shirga ta na yi.