Fuskar da Nibaldo Ya Goge

Nibaldo Cárcamo mijin ƙanwata ne, kuma irin mutumin nan ne da in ka nuna masa abu mai kyau, kafin ya kalle shi sai ya tambaye ka nawa zai yi a kasuwa. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, bai taɓa ɗaga wa ƙanwata hannu ba. Cutarsa guda ce, son riba, kuma ita ta kai shi ga aikata abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Tun muna samari muke tara katunan wasa tare a nan Valparaíso, garinmu na bakin teku. Duk Asabar mukan haɗu a wani shago da ke gindin tudunmu, mu baje katuna a kan tebur, mu yi wasa, mu yi musaya, mu yi gardama har mai shago ya kore mu. A lokacin zanen da ke kan kati shi ne abin so. Mutum zai ba da katuna biyar don ya samu guda ɗaya, kawai saboda yadda mai zane ya fitar da idon doki ko kumfar teku. Daga baya harkar ta sauya. Aka fara aika katuna ƙasar waje, wasu mutane su duba su da gilashi, su ba su maki, su rufe su cikin roba mai tauri wadda ba ta buɗuwa sai an fasa. Katin da ya ci maki goma, kuɗinsa sai ya tashi sama kamar an hura masa wuta.

Nibaldo ya faɗa harkar nan tsundum. Ya daina wasa gaba ɗaya. Ya sayi gilashin ƙara girma da farar safar hannu, har 'yan shago suka sa masa suna Likita. In ka miƙa masa kati, kusurwoyi huɗu zai duba, ya juya baya, ya karkata shi ga haske yana neman ƙarzuwa, ya miƙo maka ya faɗi farashi. Ka tambaye shi mene ne a jikin katin, mutum ne ko kifi, sai ya yi dariya ya ce wannan aikin yara ne.

To akwai wani kati guda a gidansu wanda ba nasa ba. Na matarsa ne, ƙanwata Maritza.

Mahaifiyarmu, Clorinda, kifi take sayarwa a bakin ruwa. Wata mai zane da ke zaune a tudun da ke kallon namu, wadda kowa ke kira Gwaggo Fresia, ta samu aiki daga wani ƙaramin kamfanin kati na Santiago, babban birnin ƙasarmu, aka ce ta zana mace mai tsaron gaɓar teku. Sai ta sauko ta zaunar da mahaifiyarmu a kan akwatin kifi ta zana ta yadda take: fatar da rana ta dafa, giɓin haƙori, da tabon ƙugiya a saman gira. Da katin ya fito, sai ga wata budurwa mai sumul-sumul ɗin fuska. Kamfanin ya ce ba mai sayen tsohuwa, suka gyara fuskar ba tare da sun ko gaya mata ba. Abin ya ƙona wa Gwaggo Fresia rai. Ta ɗauki kati guda daga bugun farko, ta sa siririn burushi ta mayar da fuskar gaskiya a kansa da hannunta, ta kawo wa mahaifiyarmu. Ita kuwa ta yi ta dariya, ta ce an mayar da ita sarauniya amma an bar mata giɓinta.

Mahaifiyarmu ta rasu Maritza ba ta gama makaranta ba. Bayan wasu shekaru gobara ta cinye unguwarmu ta kan tudu, ta tafi da gidan da muka tashi a ciki da duk wani hoto da muke da shi. Katin ya tsira ne don Maritza ta riga ta sa shi a ɗan firam ta tafi da shi ɗakin da take haya a cikin gari. Shi kaɗai ne fuskar uwarmu da ta rage a duniya. Nibaldo ya san haka sarai, don da shi muka tona tokar gidan.

Ana nan sai katunan wannan kamfani, wanda ya daɗe da rufewa, suka yi tsada. Wani attajirin mai tarawa daga Santiago ya baza magana cewa yana neman katin mai tsaron gaɓa bugun farko, mai tsabta, kuma ba zai yi ciniki ba. Daga ranar Nibaldo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Wata rana na je gidansu shan shayin yamma, muna cin burodi da fiya, ya kawo maganar, alhali Maritza ta riga ta ce masa a'a ba sau ɗaya ba.

Ya ce, "Yaya Lautaro, kai ma ka gaya mata gaskiya mana. Katin nan kusurwoyinsa kamar yau aka yanka shi. Fentin nan ne kawai ya kashe shi."

Na ce, "Fentin nan da kake gani uwarmu ce."

"Ni ban ƙi ba, Allah Ya ji ƙanta. Amma a wannan sana'a katin da aka yi wa fenti ɓatacce ne, masu ba da maki ko karɓarsa ba sa yi. Kuɗin rufin ɗaki ne fa yake rataye a bango, mu kuma ruwa na zubo mana."

Maritza ta ajiye kofi ta ce, "Likita, ka sha shayinka kafin ya huce. In rufi kake so, ka sayar da akwatunan robarka, ai sun cika mana ƙarƙashin gado."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce nasa ba su kai lokacin sayarwa ba tukuna. Na gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ranar da ya taɓa firam ɗin nan, ni da shi ne. Ya rantse ba zai taɓa ba, na kuwa yarda, don ban ɗauka haukan nasa ya kai can ba.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi. Ya ga wasu a intanet suna cire tawada daga kan kati da ruwan goge jan farce. Ya gwada a wani kati mara daraja, ya zana masa layi ya goge, ya fita tas. Sai ya yanke wa kansa hukunci: zai wanke fentin, fuskar kamfani ta fito, ya sayar, ya gyara rufi, Maritza ta yi fushin kwana biyu ta huce. Ran Lahadi da safe ta tafi coci. Ya sauke firam, ya sa safar hannunsa, wai don kada ya ɓata katin, ya tsoma auduga a cikin ruwan.

Fentin da ya shekara da shekaru a kan takarda ba layin jiya ba ne. Ya goga, bai fita ba. Ya ƙara ruwa, ya danna. Fuskar mahaifiyarmu ta narke ta bi auduga, ta ƙarƙashinta ma ta bi ta, har takardar ta fara saɓulewa. Da ya ɗaga hannu, jikin matar na nan, teku na nan, amma inda fuska take sai wani farin tabo mai gashi-gashi.

Maritza ta kira ni a waya, abin da ta ce kawai shi ne in zo. Na same ta tsaye da kayan coci a jikinta, katin a tafin hannunta, ba ta kuka. Shi kuma yana gefe yana ta zuba, wai ruwan ne ba mai kyau ba, wai a bidiyon ba haka ya yi ba. Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa na haɗa shi da bango ba. Na kira shi duk sunan da ya zo bakina, kuma ban janye ko ɗaya ba har yau.

Maritza ta ce, "Sake shi, Yaya. In ka kashe shi, fuskar za ta dawo ne?"

Na sake shi. Sai ya ce zai gyara, mu je wurin Gwaggo Fresia, ko nawa ne zai biya. Ko a nan ɗin ma kuɗi ne ya fara zuwa bakinsa.

Muka hau tudunta mu uku. Gwaggo Fresia ta tsufa ƙwarai, hannunta na rawa, ta daɗe da daina karɓar aiki. Ta riƙe katin kusa da taga ta daɗe tana kallo. Ta tambayi wa ya yi wannan, Nibaldo ya sunkuyar da kai. Ta ce ta tuna muryar Clorinda da dariyarta, amma fuskar ta gushe mata, don ta zana ɗaruruwan fuskoki bayanta, kuma asalin zanen ya tafi da kamfanin. Maritza da ni muka shiga kwatanta mata. Na ce tabon a girar dama yake, Maritza ta ce a hagu. Muka kalli juna. Ashe duk shekarun nan katin ne yake riƙe mana ita, mu kuwa mun saki jiki, ko hotonsa ba mu taɓa ɗauka ba, don abin da kake gani a bango kullum ba ka tunanin zai tafi.

Gwaggo Fresia ta ce in da akwai hoton katin, ko da hannunta na rawa, za ta lallaɓa ta gwada. Nan take fuskar Nibaldo ta washe. Ya ce ai ya ɗauki hotuna da yawa ya tura wa mai saye. Ya zaro waya ya miƙa mata, muka taru a kanta.

Kusurwar sama ta dama. Kusurwar sama ta hagu. Na ƙasa biyu. Bayan katin, gefensa, bayan kuma a wani hasken. Ta yi ta turawa da ɗan yatsanta har hotunan suka ƙare. Babu ko ɗaya da ya nuna fuskar. Da gangan ya kauce mata, don kada mai saye ya ga fenti ya fasa.

Ta miƙa masa wayarsa ta ce, "Ɗana, shekara nawa matar nan tana kallonka daga bangon ɗakinka?"

Ya ce tun da suka yi aure.

Ta ce, "Kai kuma kusurwoyin katin kawai ka sani. Tashi ka fitar mini daga gida."

A ranar Maritza ta kwashe kayanta ta dawo gidana. Nibaldo ya yi ta sintiri, ya turo mutane, ya zo ya tsaya a ƙofa, ba ta fito ba. Sai ya yi abin da ya ɗauka shi ne ƙarshen sadaukarwa. Ya fito da akwatunan nan na ƙarƙashin gado, waɗanda ya ƙi taɓawa don rufi, ya karyar da su gaba ɗaya. 'Yan kasuwar da ya saba yi wa wayo suka gane a matse yake, suka yi masa sayen wulaƙanci. Ya haɗa abin da ya samu ya nemo wani katin mai tsaron gaɓa bugun farko daga hannun wani mutum a ƙasar waje, mai maki goma, a rufe cikin robarsa.

Ya kawo shi da yamma, ya yi aski, ya sa rigar da ya yi aure da ita. Na so in kore shi daga bakin ƙofa, Maritza ta ce in bar shi ya shigo. Ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu, yana gaya mata babu irinsa sai 'yan kaɗan a duniya, ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinsa. Ta karɓa ta duba. Budurwar kamfani ce, haƙora cif, gira ba tabo.

Ta ce, "Wace ce wannan?"

Ya leƙa katin da ke hannunta.

Ta ce, "Ban san ta ba, Nibaldo. Riƙe abinka, ka jira ya yi tsada."

Ta sa masa shi a hannu ta shige ɗaki. Ba ta koma gidansa ba. Har yanzu yakan zo shagon ran Asabar, ya zauna a ƙarshen tebur da katinsa guda a aljihu, ba mai musaya da shi. Katin da ya ɓata kuwa yana ɗakin Maritza a cikin firam ɗinsa, kuma wani lokaci nakan same ta zaune a gabansa tana ƙoƙarin tunowa.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, duk wanda ya saba wa idonsa ganin farashi kaɗai, wata rana zai lalata abin da babu kuɗin da zai maido shi, kuma zai yi hakan yana ganin gyara yake yi. Tara kati ba laifi ba ne, cin riba ma ba laifi ba ne. Amma zanen da ke kan kati aikin hannun mutum ne, wani lokaci kuma rayuwar wani ce a ciki. Kafin ka tambayi nawa abu zai yi, ka tsaya ka kalle shi, ka tambayi mai shi mene ne shi a wurinsa. In ya ce maka ba na sayarwa ba ne, ka ɗauke hannunka.